Me Ya Sa Waƙa Ke Nutsewa Duk Lokacin da Kik Ya Buga?

Assalamu alaikum. Ku saka hedifon idan da hali, domin abin da za mu saurara yau sifikar waya ba za ta fitar da shi duka ba.

Ga waƙar. Ku bar kunnenku a kan muryar mawaƙin kawai. Kun ji? Baitin farko tana fita tas. Da zarar kik (babbar ganga mai nauyin bugu) da bes (kayan kiɗa mai kaurin sauti) sun shigo, sai muryar ta yi baya, kiɗan gaba ɗaya ya dinga nutsewa yana tasowa. Babu wanda ya taɓa maɓallin ƙara, amma ƙarar tana sauka da kanta.

Abin da yawancinmu ke yi a nan shi ne mu ɗaga murya. Sai fiyano ya ɓace, mu ɗaga fiyano. Sai kalangu ya ɓace, shi ma mu ɗaga shi. Kafin a ankara komai ya hau jan layi a ma'aunin ƙara, matsalar kuma ta ƙaru.

Ku fara duba tashar masta, wato inda dukkan sautukan waƙar ke haɗuwa kafin su fita. Idan da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio kuke aiki, akwai tsarin buɗe sabon aiki da yake zuwa da Fruity Limiter a zaune a masta tun kafin ku saka sauti ko ɗaya, kuma mutane da yawa ba su ma san yana nan ba. Aikin limita shi ne hana sauti ƙetare rufin da aka sa masa. Sai dai bai san murya ba, bai san ganga ba. Jimilla kawai yake gani. Kik da bes su ne suka fi kowa nauyi a wannan jimillar, don haka idan suka bugi rufin, limita zai danne waƙar gaba ɗaya, har da muryar da ba ta yi laifin komai ba. Ku kalli layin nan a allo, yana faɗuwa da desibel 7 a kowane bugu (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Nutsewar da kuka ji ke nan.

Ku kashe limitan yanzu. Ku sauke dukkan tashoshi tare har sai ƙololuwar masta ta tsaya wajen desibel 6 ƙasa da sifili, wato ƙasa da iyakar saman ma'aunin. Waƙar za ta yi ƙasa, ku ƙara sifikar ɗakinku kawai. Limita sai a ƙarshen aiki, kuma idan yana cin abin da ya wuce desibel 2 ko 3, to akwai gyaran da aka bari a baya.

Yanzu karon kansa. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kusan hez 20 zuwa hez 20,000 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙaramin adadi shi ne mai kauri), kuma kowane kayan kiɗa yana da inda yake zama a wannan tsani. Nauyin kik yawanci yana tsakanin 50 da 80. Bes ma yana nan. Kamar fasinja biyu ne a kujerar gaba ta motar haya: za su shiga, amma dole ɗaya ya karkace. Idan sautuka biyu suka haɗu a wuri guda, mai ƙarfin yana rufe mai rauni, kunne ya daina jin sa ko da yana nan a fayil.

To ku yanke hukunci: wa zai riƙe can ƙasa? A wannan waƙar na ba kik wajen 60, na rage wa bes desibel 3 a daidai wurin, na bar shi ya cika daga 90 zuwa sama. A wata waƙar, musamman mai bes mai jan numfashi, akasin haka za a yi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ƙara wa dukkansu a wuri ɗaya.

Idan hakan bai isa ba, sai a ɗora kwamfuresa, na'urar da ke danne ƙarar sauti, a kan bes, a sa kik ya zama shi ke ba ta umarni, dabarar da ake kira saidcen. Kik ya buga, bes ya sunkuya na ƙiftawar ido, ya dawo. Desibel 3 ko 4 sun wadatar. Ku kula da lokacin sakewa, wato lokacin da kwamfuresa ke ɗauka kafin ta saki bes. A waƙa mai bugu 120 a minti, rabin daƙiƙa ne tsakanin bugu da bugu, don haka bes ya riga ya miƙe kafin kik na gaba. Idan ya makara, kun sake ƙirƙiro nutsewar da muke gudu, wannan karon da hannunku.

Mu hau sama kaɗan, tsakanin 200 da 500. Nan ne cunkoso yake a kiɗan sutudiyo irin namu: hannun hagun fiyano, jikin muryar mawaƙi, 'yan amshi, ga kalangu. Shi kalangu dama an gina shi ne ya yi magana, ana matse tsirkiyarsa sautin ya hau ya sauka irin na harshe, don haka ba mamaki yana takara da murya. Ku buɗe ikwalaiza, na'urar rage ko ƙara wani sashe na tsanin sauti, a kan fiyano, ku yanke duk abin da ke ƙasa da 150 ko 200. Idan kuka saurare shi shi kaɗai zai yi kamar ya rame. Kar ku damu, ba wanda zai ji shi shi kaɗai. Ku mayar da sauran kiɗan. Kun ji yadda murya ta fito? Ban ƙara mata komai ba.

Kalangun kuwa, ni a ganina ikwalaiza ba ita ce maganinsa na farko ba. Makaɗin gargajiya mai kunne yana ba mawaƙi wuri, ya amsa masa idan ya ja numfashi. Ku yi haka a tsarin waƙar: ku sauke shi kaɗan yayin baiti, ku sake shi a tsakanin layuka.

Haruffan da ke sa a gane kalma, irin su s da ts da ƙ, suna can tsakanin 2,000 da 5,000, inda kunne ya fi kaifi. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna wannan a Bell Labs da ke Amurka. Idan akwai jita ko sarewar kibod mai kaifi a wurin, ku ɗan rage ta.

Saura nau'in faɗuwar ƙara na biyu, wanda ya fi yaudara. A sutudiyo komai lafiya lau. An tura waƙa ta WhatsApp, an kunna ta a waya ko a ƙaramar sifikar Bluetooth, sai 'yan amshi suka dushe, bes ya zama siriri. Dalilin shi ne sauti turi ne da ja: fatar sifika ta yi gaba, ta yi baya. Idan hagu yana turawa daidai lokacin da dama ke ja, sannan na'ura ta haɗe su zuwa sifika ɗaya, sai su cinye juna.

Abubuwa biyu suka fi jawo shi. Akwai na'urorin faɗaɗa sitiriyo (sautin da aka raba hagu da dama), waɗanda ke jinkirta gefe ɗaya kaɗan don a ji sauti ya buɗe. Akwai kuma ɗaukar ganga ɗaya da makirufo biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, domin fatar da ke matsowa kusa da wannan tana nisantar wancan. Na biyun gyaransa dannawa ɗaya ne: maɓallin juya fuskar sauti, wanda a manhajoji da yawa alamarsa da'ira ce da aka ratsa da layi. Ku danna shi a makirufo ɗaya, ku zaɓi wanda ya fi kauri. Na farkon kuwa, ku mayar da masta mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya, ku saurara. Duk abin da ya ɓace, ku rage faɗinsa. Kik, bes da babbar murya su zauna tsakiya. 'Yan amshi kuma, idan ana son faɗi na gaske, a ɗauke su sau biyu, a ajiye ɗauka ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafar ɗauka guda a jinkirta ta ita ce ke rushewa a mono.

Abu na ƙarshe, ga masu cewa waƙarsu ta yi ƙasa bayan sun ɗora ta. Spotify yana daidaita waƙoƙi a kusan LUFS 14 ƙasa da sifili (LUFS ma'aunin ƙarar waƙa ne gaba ɗayanta), YouTube ma wajen nan yake. Idan kun matse waƙa har ta zarce haka sosai, su za su sauke ta, sai a bar ku da kik marar ƙarfin bugu a ƙara ɗaya da ta kowa. A YouTube kuna iya gani da idonku: ku danna dama a kan bidiyon a kwamfuta, ku buɗe bayanan fasaha, za ku ga layin da ke nuna nawa aka rage muku.

Ga waƙar kamar yadda muka fara da ita. Ga ta kuma yanzu, na daidaita ƙarar biyun don kada mai ƙarfi ta ruɗe ku. Ku sake bin muryar daga inda kik ya shigo.