Mun gudo daga zafin Makka, ruwa ya tare mu a Shafa

Jama'a assalamu alaikum, ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ruwa ne wallahi, ruwan sama ake zubawa a kanmu yanzun nan, cikin watan Agusta, a ƙasar Saudiyya! Ku duba rigata yadda ta jiƙe, kuma ba zan shiga mota ba, bari ta jiƙe iya jiƙewa. Nan wajen sunansa Shafa, can saman duwatsun Ɗa'ifa. Da hantsi muka baro Makka mota tana nuna 43, yanzu ga shi tana nuna 22, gajimare ya sauko har yana shafar kan mutum, yara sai ihu suke suna tsalle a cikin ruwa, uwarsu na cewa su dawo kar mura ta kama su, na ce mata haba Hajiya ƙyale su, yaushe rabon da su ga irin wannan.

Wanda bai yi bazara a Makka ba ba zai gane abin da ya sa babban mutum kamata yake wannan murnar ba. Alhazan da suka zo aikin Hajjin 2024 sun ɗanɗana, ranar da ma'auni ya kai 51.8 a Harami, to mu wannan wutar ita muke sha wata da watanni. Doka ce ma a nan, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a sa ma'aikaci aiki cikin rana daga sha biyu zuwa ƙarfe uku. Daga esin gida ka shiga esin mota, daga na mota ka shiga na wurin aiki, famfo ka kunna da azahar ruwan sai ya ƙona ka, sai ka tara a bokiti ya huce kafin ka yi wanka. Yara kuma an ba su dogon hutu, suna kulle a ɗaki, su kwana a kan waya da gem, su wuni suna barci. Abin da ya fi damuna shi ne zumunci yake mutuwa a wannan lokacin, ba mai zuwa gidan wani, kowa ya ce sai zafi ya sauka, sai ka ga ɗan uwanka yana Rusaifa kana Shari'a Mansur amma sai dai gaisuwar WhatsApp.

Shi ya sa wannan fitar ta yi min daɗi fiye da yadda zan iya faɗa muku. Bari in juya kyamara ku gani, waɗancan motocin duka namu ne, biyu daga Makka, sauran daga Jidda. Mutanen nan da su na fara zama lokacin da na shigo ƙasar nan, a unguwar Sabil, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, wanda ya samu aiki ranar shi ke ciyar da saura. Da aka yi rusau a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, Sabil ta tafi, Karantina ta tafi, Gulail ta tafi, sai jama'armu suka watse, wani ya koma can bayan gari, wani ya dawo Makka, wasu suka tattara nasu ya nasu suka koma Kano da Damagaram gaba ɗaya. Da can ba sai ka nemi mutum ba, bayan isha'i ka fito bakin layi wajen mai tsire za ka tarar da kowa. Yanzu kuwa in ba an yi rasuwa ko ɗaurin aure ba, ba a haɗuwa, kuma a wajen ta'aziyya wace hira za a yi? Sai babbanmu, wanda duk muke kira Yaya, ya ce shi fa ya gaji da ganinmu a maƙabarta kawai, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a Ɗa'ifa a kwana da iyali. Riyal 900 muka kama ta, aka raba, ba wanda ya ji a jikinsa.

Ta hanyar Hada muka hawo, kilomita 90 ma ba ta cika ba daga Makka, amma kwana a kan kwana ce, kana hawa kunnenka na toshewa, ka leƙa ƙasa ka ga motoci sun zama ƙanana. Ni dai ina alfahari da tuƙina a wannan hanyar, Goggo da ke bayan mota tun daga ƙasa take salati amma da muka iso cewa ta yi ɗan nan Allah ya yi maka albarka, ko ruwan gorata bai zube ba. Mai kuwa ba abin magana ba ne, lita riyal 2.18, na tuna abin da ƙanena ke faɗa min kan kuɗin mai a gida, mutum yana son kai yaransa Tiga ko gidan zu ranar hutu amma sai ya yi lissafi ya fasa, abin ya taɓa min zuciya. Gargaɗina na farko, kar ku yi gudu, kyamarorin Sahir suna nan ba sa barci, tara za ta shigo wayarka kafin ka kai sama. Na biyu birai. Suna nan birjik a bakin hanya, manya-manya, in kun tsaya ɗaukar hoto ku rufe gilas, kar yaro ya fito da leda a hannu. A idona wani ya fizge ledar burodi daga hannun wata baiwar Allah ta motar gabanmu, yarinyarta ta tsorata ba kaɗan ba. Kar ku ba su abinci don Allah, ba su ɗin ne ya sa suka raina mutane.

Yaran sun so hawa telefirik, motar nan mai tafiya a kan igiya a sama, mai sauka daga Hada zuwa Kar, na ga yawanmu na ga kuɗin tikiti na ce a bari tukuna. Muka wuce cikin gari muka yi azahar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda a nan garin ya rasu shekara ta 68 bayan hijira. Daga nan Baba, surukina, ya ce sai an kai jikokinsa wajen masallacin Addas. Ya zaunar da su ya ba su labari da Hausa tsantsa, yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo garin nan shi da Zaidu ɗan Harisa bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, ya kira mutanen Saƙif suka ƙi, suka sa yara da wawayensu suna jifansa har ƙafafunsa suka yi jini, ya fake a wata gona, bawan masu gonar mai suna Addas, Kirista mutumin Ninawa garin Annabi Yunusa, ya kawo masa inabi. A makaranta sun karanta wannan da Larabci, sun ma ci jarrabawa a kai, amma yau ne na ga babbar 'yata ta yi shiru tana share ido. Muna fitowa kuma ga masu inabin a bakin titi, Baba ya saya da kuɗinsa ya hana kowa biya.

Kayan marmarin garin nan kam sai wanda ya gani. Inabi, ɓaure, ruman ya fara shigowa, ga barshumi, wannan ɗan itacen mai ƙaya, riyal 20 na sayi kwali. Ku sa mai sayarwa ya ɓare muku, kar ku taɓa da hannu, ƙayarsa siririya ce ba a ganinta, kuma kar yaro ya ci da yawa don yana ɗaure ciki. Furen wardi da ake ta yi wa Ɗa'ifa kirari da shi lokacinsa ya wuce, Maris zuwa Afrilu ake tsinka, sai dai matan sun sayi ruwansa a kwalba. Amma duk wannan bai kama ni ba kamar masarar da wani yake gasawa a kan gawayi a bakin hanyar Shafa. Ƙamshin nan ya haɗu da ƙamshin ƙasa da ruwa ya daka, wallahi sai na ji ni a garinmu, hutun makaranta na damina, an tura mu ƙauye wajen kaka, mu yi noma da safe, da yamma mu faɗa kududdufi, a dawo a sha faɗa, a ci masara da gyaɗa ɗanya. Nan take na kira Inna a bidiyo na nuna mata, ta ce to mu nan marka ake yi rana ko leƙowa ba ta yi, gero ya fitar da kai, yaushe za ka kawo min yaran nan su ga gona? Ban iya ba ta amsa ba, sai na miƙa wa jikokinta wayar.

To ku zo mu shiga ciki ku ga istirahar. Ɓangaren mata yana can, ba zan kai kyamara ba, amma kuna jin shewa, Goggo ce ta ɗaure musu zane tana koya wa 'yan mata gaɗa. Nan namu ne. Wancan da ke bakin wuta da ƙuli-ƙuli da yaji, tsire yake mana, shi ne mai tsiren Sabil ɗin da na faɗa muku, Larabawa layi suke yi a wajensa, yau kuma kyauta muke ci. Mun yi odar saliƙ, abincin mutanen nan, shinkafar da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi, da daɗinta ba laifi, amma tiren na nan da saura, tuwo da miyar kuka da matan suka tuƙa kuwa ko loma ba ta rage ba. Samari sun baje suna buga balot, wasan karta irin na 'yan ƙasa, mu kuma Yaya ya haƙa ramuka a ƙasa, aka tara ƙwallayen dabino da tsakuwa aka kafa dara, kuma ina gaya muku har yanzu ba a haifi wanda zai ci ni a cikin mutanen nan ba, Alhaji na Jidda yana jina, in ƙarya nake ya faɗa.

Abu ɗaya ne ya sosa min rai. Na tara yara maza na ce a yi langa, ba wanda ya san ta, ko sunan ba su taɓa ji ba. Hausar ma rabi da rabi ce, ka yi musu magana da Hausa su mayar maka da Larabci. Ba na ganin laifinsu, nan aka haife su, kuma Hausawa a ƙasar nan ba baƙi ba ne, kakannin wasu a ƙafa suka zo ta Sudan suka tsallako Bahar Maliya, ga Usama Hausawi ɗan Makka ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, duk muna tinƙaho da shi. Amma ni ina so ɗana ya iya zama gaban kakarsa su yi hira ba tafinta. Sai muka tashi mu manya muka kama ƙafa muka nuna musu, kafin la'asar sun iya, yanzu ga su can sun raba gari biyu suna ture juna, wayoyinsu na kan tabarma ba mai waiwayarsu. Ɗan Alhaji da ɗana yau suka fara ganin juna, iyayensu kuwa katifa ɗaya suka kwana a kai shekara da shekaru.

In za ku zo ku ji ni da kyau. Kar ku hawo daren Alhamis ko Juma'a, duk Makka da Jidda nan suke kwararowa, istiraha ta yi tsada hanya ta cushe, ku nemi tsakiyar mako. Ku riƙe iƙamarku, katin izinin zama, a aljihu, akwai shingen bincike. Ku ɗauko wa yara rigar sanyi ko da kuna ganin abin dariya ne a Makka. In hadari ya haɗu kar ku shimfiɗa a cikin kwari komai kyawun inuwarsa, ambaliyar duwatsun nan ba ta sallama, kuma wani lokacin rufe hanyar Hada ake yi saboda ruwa ko hazo, sai ku zagaya ta Sail, ta fi nisa amma ta fi kwanciyar hankali. Mai niyyar umara a komawa ya taho da haraminsa, miƙati na kan hanya, Wadi Muharram in ta Hada ne, Ƙarnul Manazil in ta Sail ne, Baba da Goggo sun riga sun ce a tsaya musu gobe.

Yanzu haka gardama ake a can kan fita ta gaba, samari sun ce Abha, 'yan Jidda sun ce a zo bakin teku idan zafi ya sauka su za su ɗauki nauyin kifi, Yaya kuma ya ce ba ruwansa da inda za a je, adashi dai za a fara daga wannan watan, riyal 50 kowane gida, kuma ni aka ba riƙon kuɗin. Duk ɗan Sabil ko Karantina da ke kallon nan, a Saudiyya kake ko ka koma gida, ka neme mu a saka ka a guruf, akwai mutanen da muke cigiya har yau ba mu samu lambarsu ba. Bari in je, Alhaji ya sake jera dara yana kirana.