Abin da gwajin jini ke nunawa bayan tiyatar zubar jini a ƙwaƙwalwa

Lacca ce da wani likita ya gabatar a Aboabo, cikin Kumasi, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, hajiyoyi, da 'yan'uwana ma'aikatan jinya, tambayar da dangi suka fi tare mu da ita a ƙofar ɗakin tiyata ita ce, "Likita, zai tashi kuwa?" Tashi a hannun Allah yake, amma akwai alamomin da muke dubawa, kuma ɗaya daga cikinsu tana cikin takardar ƙidayar ƙwayoyin jini da kuke karɓowa daga ɗakin gwaji.

Idan jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba, likitan tiyata yakan buɗe ƙoƙon kai ya kwashe gudan jinin da ke danne nama. Sai dai ɓarnar ba a nan take tsayawa ba, domin jiki yana ɗaukar jinin da ya bar jijiya a matsayin baƙo, sai ya tura masa fararen ƙwayoyin jini. Masu fara isa, cikin 'yan sa'o'i, su ne nutirofil, kuma sinadaran da suke saki suna raunana bangon ƙananan jijiyoyi har ruwa ya tsattsafo, nama ya kumbura, alhali ƙoƙon kai ba ya miƙewa. A daidai lokacin nan wasu fararen ƙwayoyin masu kare jiki daga cuta, limfosayit, suna raguwa, abin da ke sa ciwon huhu ya sami ƙofa.

Lissafin ba wuya: a raba adadin nutirofil da na limfosayit. A jikin mai lafiya sakamakon yakan tsaya tsakanin 1 zuwa 3. Idan takarda ta nuna 9 da 1, to an sami 9 ke nan, kuma bincike ya sha nuna cewa masu babban adadi sun fi shan wuya wajen farfaɗowa. Abin da ya sa nake son wannan awo shi ne araharsa, domin ba sai an je manyan asibitoci irin su Komfo Anokye ko Korle Bu ake iya yin sa ba.

To amma a yi hattara. Tiyatar kanta tana ɗaga waɗannan alamomi, har furotin ɗin da hanta ke fitarwa, wato CRP, yakan kai ƙololuwa a kwana na 2 ko na 3. Zazzaɓin cizon sauro ma yana hargitsa ƙidayar, haka kunun da aka ɗura wa majiyyaci ya sarƙe shi ya faɗa huhu, abin da nake roƙon hajiyoyi su bari sai an gwada haɗiyarsa. Saboda haka ba ma karanta adadin shi kaɗai. Muna haɗa shi da ma'aunin Gilasgo, mai auna hayyaci daga 3 zuwa 15, da shekarun majiyyaci, da hoton ƙwaƙwalwa, musamman idan jinin ya kai mililita 30. Ni dai na fi damuwa da adadin da ke hawa kullum safiya a kan babban adadi guda da ya fara sauka, kuma idan na ga yana hawa, ƙirji nake fara saurara, sannan in nemi sabon hoto.