Gidan da 'yan wasa ke yanke wa junansu hukunci

Jama'a masu sauraro, a tsakiyar birnin Paris akwai wani gidan wasan kwaikwayo mai suna Comédie-Française, wanda Sarki Louis na 14 ya kafa a shekarar 1680 ta hanyar haɗe ƙungiyoyin 'yan wasa biyu masu gaba da juna. Faransawa suna kiransa Gidan Molière, sunan shahararren marubucin wasan kwaikwayo kuma ɗan wasa, ko da yake Molière ya rasu tun 1673. Kujerar da ya zauna a kai a wasansa na ƙarshe tana nan a ajiye cikin gilashi.

Tsufan gidan bai kai tsarinsa ɗaukar hankalina ba. 'Yan wasan sun kai kimanin 60, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Sabon shiga ma'aikacin albashi ne kawai, shugaban gidan ke ɗaukarsa, shi kuma gwamnati ce ke naɗa shi. Zama ɗan gida mai hannun jari kuwa ba a hannun shugaba kaɗai yake ba, sai abokan aikinka sun yarda da kai. In ka dace, a ba ka kwantiragin shekara 10 da lamba a jerin da ya faro tun ƙarni na 17, sannan ka fara cin kaso daga ribar gidan. Kason ma gutsure shi ake yi gida 12, kana hawa sannu a hankali. Hatta dattijon gida ba da furfura ake samunsa ba, da daɗewa a aiki ne.

Wani abin mamaki, Napoleon yana can Rasha a fagen yaƙi a 1812 aka fitar da dokar da ta daidaita wannan tsari, shi ya sa ake ce mata Dokar Mosko.

To amma zuma da harbi take, kuma amyar ƙudan zuma ce ma tambarin gidan. Duk ƙarshen shekara kwamiti yakan zauna, mafi yawansa 'yan wasa, ya duba wa za a ƙara wa kaso, wa za a sallama. Ka ga ke nan wanda kuka rungumi juna a dandamali jiya da dare, shi ne zai jefa ƙuri'a a kan abincinka da safe. A ƙarshen 2009 haka aka yi wa Catherine Hiegel ritayar dole, bayan shekara 40 tana aiki, alhali ita ce dattijuwar gidan. An yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu.

A ganina, duk da ɗacinsa, wannan hukunci na tsara ya fi na minista adalci, domin wanda ya haddace dogon zance ya tsaya gaban jama'a ya san mai ƙwazo da mai lalaci. Aibinsa shi ne mutum yakan zaɓi mai kama da shi, ƙofa ta daɗe a rufe. Bakary Sangaré, ɗan ƙasar Mali, ya shiga gidan a 2002, bai zama mai hannun jari ba sai 2013. Shugabancin gidan ma, sai a 2006 mace ta fara riƙe shi, Muriel Mayette, bayan shekara 326 da kafuwarsa.