Jawabi a taron ƙungiya: yaron Pisa da ya koyo lissafi a Bijaya

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa, barkanmu da war haka, sannunku da zuwa cikin wannan sanyin, musamman waɗanda suka hawo jirgin ƙasa tun asuba.

In an jima ma'aji zai karanto mana lissafin kuɗin ƙungiya, to kafin nan ku ba ni aron kunnuwanku, ina so in yi magana a kan lambobin da zai karanto ɗin, saboda mu da muke zaune a Italiya labarin nan ya shafe mu sosai.

Da can mutanen ƙasar nan da haruffan Rumawa suke rubuta lamba, irin wanda kuke gani a jikin tsofaffin gine-gine da fuskar agogo. In kana so ka rubuta 1888 sai ka jera MDCCCLXXXVIII, harafi 13 cur, to don Allah wa zai ninka wannan a kan takarda? Shi ya sa ɗan kasuwa sai ya ɗauko allo da 'yan tsakuwa yana turawa, in ya gama ya rubuta amsar kawai, in an yi kuskure a hanya babu mai iya bin sawu.

Lambobin da muke amfani da su yanzu a Indiya aka haife su, wani malami Brahmagupta tun shekarar 628 ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifiri. Daga can suka iso Bagadaza, wajen shekarar 825 al-Khawarizmi ya yi littafi a kan lissafin Indiyawa, sai ilimin ya bi ta Arewacin Afirka har Andalus. A Sifen akwai wani littafin Kiristoci da aka kwafa a 976, an zana 1 zuwa 9 a ciki, amma fa abin ya daɗe a hannun 'yan tsirarun malamai, kasuwa ba ta san da shi ba.

Wanda ya kai shi kasuwa shi ne nake so ku riƙe. Wani yaro ne ɗan Pisa, Leonardo, wanda yanzu ake kira Fibonacci, babansa yana aikin kwastan na fataken Pisa a garin Bijaya da ke Aljeriya ta yau, ya kira yaron ya zo wurinsa ya sa aka koya masa lissafi irin na mutanen garin. Kun ga ke nan shi ma ɗan ci-rani ne kamar yaranmu, baƙo a ƙasar da ba yarensa ake yi ba, amma bai raina abin da ya tarar ba, ya koya, ya ƙara yawo Masar da Sham da Sisili yana tambaya, ya koma gida ya fitar da littafinsa Liber Abaci a 1202. Kuma wallahi abin da ya burge ni, da yawa daga cikin misalan da ya cika littafin da su na kasuwa ne, yadda za ka canza kuɗin wannan gari zuwa na wancan, yadda abokan jari za su raba riba daidai da abin da kowa ya zuba, musayar kaya da kaya, auna azurfar da ke cikin tsabar kuɗi.

Ba a karɓa nan take ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta Firenze ta hana membobinta rubuta sababbin lambobin a littafin ajiya, dalilin da ake yawan bayarwa shi ne tsoron zamba, wai da ɗan jan alƙalami sifiri ya koma 6 ko 9. Duk da haka fatake suka ci gaba da tura yaransu makarantun lissafi, wajen 1338 ana da irin makarantun nan guda 6 a Firenze kaɗai da yara sama da 1,000. Zuwa 1494 Luca Pacioli ya buga littafi a Benis yana bayanin yadda ake rubuta kowane ciniki sau biyu, shiga da fita, tsarin da akantoci ke bi har gobe.

Kalmar zero da yaranmu ke faɗa a makaranta daga sifr ta Larabci take, ita ce sifirinmu, kamar yadda lissafi da ashirin da talatin suka shigo mana ta hanyar malamai da fatake. Mu ma muna da namu, Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, a 1732 ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi, a Alƙahira ya rasu.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu da yawa suna faɗuwa lissafi a makaranta, iyaye muna wurin aiki dare da rana ba mu ma sani ba sai an aiko takarda. Shawarata mu ware awa ɗaya duk Asabar bayan karatun allo, ɗalibanmu na jami'a su zauna da ƙannensu, ƙungiya ta biya musu kuɗin mota. Ni na ɗauki nauyin Asabar ɗin farko, mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

Ma'aji, bismillah, fili naka ne. Wassalamu alaikum.