Bayan an kwashe kujerun gangami, wa ke kawo ƙuri'a?

[Hoto: filin gangami da sassafe, ana kwashe kujeru]

Ku dubi wannan filin. Jiya da yamma ba masaka tsinke. Lasifika na tashi, tutoci na kaɗawa, ɗan takara ya ɗaga hannu jama'a suka ɗauki sowa. Yau ba kowa sai masu kwashe kujeru. To, cikin dubban da suka cika wurin nan, nawa ne suka yi rajistar zaɓe? Nawa ne suka san rumfar da sunansu yake? Nawa ne za su tashi ranar zaɓe su bi layi? Kwamitin kamfen da ba shi da amsar waɗannan tambayoyi, taron tsintsiya ya yi, ba shara.

Mu fara daga sama, amma ba za mu daɗe ba, don nan ne kowa ya sani. Akwai daraktan yaƙin neman zaɓe, wanda ke raba kuɗi da lokacin ɗan takara, abubuwa biyu da ba sa taɓa isa. Akwai masu nemo kuɗi da ma'aji, kakaki da 'yan yaɗa labarai, lauyoyi, masu tsara tafiye-tafiye, sai masu tattara bayanai da ke yini gaban kwamfuta. Su ake gani a talabijin, su ne a hedikwata. Sai dai ko ƙuri'a ɗaya ba a kaɗawa a hedikwata.

Sashen da muka zo dominsa shi ne wanda ake turawa cikin jama'a, kuma aikinsa da lissafi yake farawa. Mutum nawa ake sa ran za su fito? Nawa muke buƙata daga cikinsu? Sai a ɗauki wannan adadi a yi ta tsaga shi, daga ƙasa zuwa jiha ko lardi, zuwa gunduma, har a sauko kan rumfa guda. A nan miliyoyi suke komawa wani abu da mutum ɗaya zai iya riƙewa: a rumfar nan muna neman ƙuri'a 180. Wa zai nemo su? Idan ba a rubuta sunan wani takamaimai kusa da lambar nan ba, lissafin ado ne.

Me ya sa sai mutum da kansa, ba tallan rediyo ko saƙon waya ba? A 1998 wasu malaman jami'ar Yale biyu, Alan Gerber da Donald Green, sun gwada abin a birnin New Haven na Amurka, kan masu rajista kusan 30,000. Wasu aka aika musu wasiƙa, wasu aka buga musu waya, wasu kuma aka je har ƙofar gida. Wasiƙa ta ɗan taɓuka. Wayar da 'yan kwangila suka buga ba ta tsinana komai ba. Amma cikin duk mutum 100 da aka yi magana da su ido da ido, an samu ƙarin kusan 8 da suka fita zaɓe. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun sami adadin da bai kai haka ba a wurare da dama, amma zuwa ƙofa bai sauka daga sahun gaba ba.

Matsalar ita ce ƙofofi sun yi yawa, ba kamfen ɗin da zai iya biyan albashin masu ƙwanƙwasa su duka. Nan ne dabarar ɗaukar ma'aikata ke shigowa. A zaɓen 2008 kamfen ɗin Barack Obama ya buɗe ofisoshi sama da 700 a faɗin Amurka, kuma ya yi aiki da koyarwar Marshall Ganz, malami a Harvard wanda ya shafe shekaru yana haɗa kan leburorin gona tare da jagoran ƙungiyarsu, Cesar Chavez. Abin da aka koya wa jami'in da ake biya albashi shi ne: kada ka yi aikin da kanka. Je ka unguwa, ka zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya, ka gano wanda in ya yi magana ake saurara. Ka ba shi ƙaramin aiki ka gani. In ya cika alkawari, ka ƙara masa. In ya sake cikawa, ka naɗa shi shugaban tawagar unguwa, shi kuma ya nemo mai kula da zagayen gida-gida, mai kula da kiran waya, mai shigar da bayanai. Ana auna jami'in ne da yawan shugabannin da ya raina, ba da yawan takalman da ya kashe ba.

A Indiya, inda rumfunan zaɓe suka haura miliyan 1 a 2024, jam'iyyar BJP ta sauko da abin ƙasa da rumfa ma. Tana naɗa mutum a kan shafi guda na rajistar masu zaɓe, sunayen da ba su wuce 30 zuwa 60 ba. Yawancinsu maƙwabtansa ne. Ya san wanda ya ƙaura, ya san wanda ya rasu, ya san wanda ke fushi da jam'iyya da dalilin fushin.

[Hoto: 'yar sa-kai riƙe da takarda da biro a ƙofar wani gida]

Ga yadda abin yake a kusa. 'Yar sa-kai ta yi sallama a ƙofar wani gida, dattijo ya fito. Ba ta karanta masa manufofi ba, tambayarsa ta yi abin da ke damunsa, ta yi shiru. Da ta fito sai ta sa lamba gaban sunansa, daga 1 zuwa 5: 1 namu ne tsaf, 3 bai tsai da shawara ba, 5 kada a ɓata lokaci. Ana saura kwana biyu ta dawo wajen masu lamba 1 da 2 kaɗai. "Baba, ƙarfe nawa za ka fita? Da wa za ku tafi? Akwai abin hawa ko a turo?" Tambayoyin kamar na hira, amma wanda ya faɗi lokaci da bakinsa ya fi wuya ya fasa.

Ku lura, ba masu lamba 5 ta koma wa ba. A 2018 wasu masu bincike biyu, Joshua Kalla da David Broockman, sun haɗa gwaje-gwaje 49, suka ga cewa a babban zaɓe tuntuɓar kamfe da wuya take sauya wa mutum ɗan takara. Ribar tana wajen fito da naka da ke shirin zama a gida. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna jihar Florida a zaɓen shugaban Amurka na 2000, inda ƙuri'a 537 suka raba George Bush da Al Gore.

Ni dai a ganina biyan ma'aikacin unguwa ba abin kunya ba ne, mutum ya bar sana'arsa ya zo. Inda ake samun ɓaraka shi ne a biya shi bisa yawan sunayen da ya kawo. Sai ya samu inuwa ya zauna ya cika takarda, hedikwata kuma ta yi ta murna da magoya bayan da ba su san da zamanta ba. Maganin ba wuya: a zaɓi wasu lambobi daga jerin a kira, a ji ko da gaske an je. Na'ura ma ba ta ceton kowa. Kamfen ɗin Mitt Romney, ɗan takarar shugabancin Amurka, ya dogara da manhajar ORCA don sanin wanda ya yi zaɓe da wanda bai yi ba, ba a gwada ta yadda ya kamata ba, ta tsaya cak ranar zaɓen 2012, dubban 'yan sa-kai suka rasa abin yi. An fafe gora ranar tafiya.

[Hoto: rumfar zaɓe da dare, ana ƙirga ƙuri'a da fitila]

Saura mutum na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi a kasafi: wakilin jam'iyya a rumfa, ejan. Tun kafin a buɗe akwati yana nan, sai ya ga babu komai a ciki. Zai yini a tsaye, zai sa ido a kan ƙirga, zai yi gardama kan ƙuri'ar da aka ce ta lalace, ya sa hannu, ya karɓi kwafin takardar sakamako. In ya gaji ya tafi ƙarfe biyar, ko cajin wayarsa ya ƙare ba wanda ya yi tanadi, jam'iyyarsa ba ta da shaida a wannan rumfa. Shari'ar zaɓen Ghana na 2012 a Kotun Ƙoli watanni ta yi tana juyawa kan irin waɗannan takardu na rumfa. A Kenya kuwa, ranar 1 ga Satumba 2017, Kotun Ƙoli ƙarƙashin David Maraga ta soke zaɓen shugaban ƙasa, kuma cikin manyan dalilai akwai yadda aka aika sakamako daga rumfuna sama da 40,000 da kurakuran da aka gani a fom-fom ɗin. Lauyan da ya tsaya gaban alƙalai a irin wannan rana, abin da ke cikin jakarsa shi ne takardun da ejan-ejan suka kawo masa daga rumfuna, ɗaya bayan ɗaya.