Ƙosan da ya ƙetare teku: lacca kan abincin tsibirin Martinik

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, na gode da kuka zauna duk da wannan zafi.

Yau Martinik za mu, wani ɗan tsibiri a tekun Karibiyan wanda har gobe yana hannun Faransa. A makaranta da ofis Faransanci ake yi, a gida da kasuwa kuwa Kiriyol, yaren mutanen tsibirin. Ga tambayar da nake so ku riƙe: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ɗanyen kifi ga shi nan a bakin gaɓa, me ya sa abincin da suke tinƙaho da shi na busasshen kifi ne mai gishiri, wanda tun asali daga tekun sanyi na wajen Kanada ake kawo shi?

Bauta ce ta jawo. A 1685 Sarki Louis na 14 ya kafa dokar da ake kira Code Noir, wadda ta yanka abin da ubangida zai ba bawa duk mako: garin rogo, sai laba 2 na naman sa mai gishiri ko laba 3 na kifi. Kifin gishiri ba ya ruɓewa a jirgi, ga arha. Abin da aka miƙa wa masu saran rake ke nan, kuma daga wannan ɗan rabo iyayensu mata suka fitar da girkin da nake ganin ya cancanci a cire masa hula.

Suna da abin da suke kira akra. Kun ji sunan? Akara ne na Yarabawa, ƙosanmu ke nan. Sunan ya isa can lafiya, wake ne ya kauce ya bar wa fulawa wuri. Sai a jiƙa kifin ya kwana a ruwa gishirin ya fita, a marmashe shi, a kwaɓa da fulawa da lawashi da tafarnuwa da attaruhu, a riƙa ɗiga shi da cokali cikin tafasasshen mai. Wallahi duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai ƙosai da sassafe zai gane wannan ƙarar. Akwai kuma feros: piya ce ake damawa da garin rogo da kifin da barkono, karin kumallon ma'aikatan rake.

Da aka soke bauta a 1848, masu gonaki suka ɗebo 'yan ƙwadago daga kudancin Indiya. Su suka zo da kolombo, miyar kurkum da ake yi da kaza ko ɗan akuya.

Abin sha fa? Giyar rake ta yi suna a wurinsu, wannan ba tamu ba ce, na wuce. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na lokacin Kirsimeti. Wajen Disamba wata shuka ke nuna a gonakinsu, su ciro jan ɓawonta su dafa da sukari da kayan ƙamshi, suna ce mata "groseille pays". Wani malam da ke zaune can baya ya riga ya faɗa, haka ne, yakuwa ce. Zoɓo suke sha.