Wa ya koya wa hedimasta neman kuɗi?

(An rubuto wannan lacca daga sautin da aka naɗa a wani zama na shugabannin makarantun Islamiyya da malamansu a Aboabo, cikin Kumasi, ƙasar Gana. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku. Wakilan sarakunan zango, ranku ya daɗe. Hajiyoyi iyayen yara, sannunku da fitowa cikin wannan rana.

Tambaya ɗaya na zo da ita, kuma hedimastocin da ke zaune a gaba su suka fi ni sanin amsarta. Ranar da aka ba ku makullin ofis, wa ya zaunar da ku ya koya muku aikin? Kuna dariya. Ai haka abin yake. Mutum ya yi shekaru yana koyar da lissafi ko Turanci, ya hau matakan Hukumar Ilimi ta Gana, GES, har ya isa, ya je intabiyu, rana ɗaya takarda ta zo an ba shi makaranta. Jiya alli ne a hannunsa, yau littafin banki ne, da rasit, da rufin kwano mai yoyo, da iyayen da ke tsaye bakin ƙofa. Ya iya aji, babu musu. Amma neman kuɗi da lissafinsa sana'a ce daban, kuma ita ce aka bar shi ya koya da tuntuɓe.

Mu a zango nauyinmu ya ninka. Tun 1987 da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES, tsarin da muke kai shi ne: malam ko jama'a su ke da fili da gini, gwamnati ta turo malaman boko ta biya su albashi. Tsarin ya yi mana rana, don shi ya sa iyayen da ke gudun boko suka saki jiki. Sai dai ya bar makaranta da kai biyu, mai makaranta da hedimasta. Idan sun jitu, alhamdu lillahi. Idan ba su jitu ba, kowa na zaton ɗayan ne zai gyara makewayi, yara kuwa suna bin bayan gidajen mutane.

To mu zo kan kuɗin. A 2005 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a matakin farko, ta kawo abin da muke kira kuɗin kai, wato wani abu a kan kowane yaro a shekara. An fara da sidi 30,000 na tsohon kuɗi, sidi 3 ke nan a kuɗin yanzu, kada matasan cikinku su ɗauka wata dukiya ce. A 2009 ya koma sidi 4 da rabi, daga baya aka kai shi sidi 10. Ku yi lissafi da ni. Makaranta mai yara 400, a kan sidi 10, sidi 4,000 ke nan. A shekara fa, ba a wata ba. A ciki za a sayi rajista, a gyara benci, a kai yara wasanni, a buga takardun jarrabawa. Kuma duk wanda ke nan ya san kuɗin ba ya zuwa kan lokaci, wani zangon karatu ya wuce ba a ga ƙeyarsa ba.

Ban faɗi wannan don mu yi ta kuka ba, kuka mun iya shi. Na faɗa ne don ku ga cewa ko wannan ɗan abin ba ya fita sai da takarda. Akwai tsarin inganta makaranta, SPIP, wanda hedimasta zai rubuta tare da malamansa, shugaban kwamitin gudanarwa ya sa hannu, jami'in da ke duba makarantun yankin ya gani, a kai ofishin daraktan ilimi na gunduma. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, horar da malamai a cikin makaranta yana cikin abubuwan da aka halatta a kashe wa kuɗin kai. Amma ɗauko SPIP na makarantu da dama ka duba, layin horo shi ne na ƙarshe, ko ma babu shi. Fenti ake gani, ba a ganin malamin da ya ƙara iya koyar da karatu.

Na taɓa shiga ofishin wani hedimasta, mutumin kirki, ko ƙwandala ba ya ci. Na ce ya nuna mini lissafin bara. Ya jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur, ya zazzage. Rasit na kafinta a bayan kwalin sabulu, babu kwanan wata. Na mai siminti ruwa ya taɓa shi, tawada ta gudu. Sauran kuwa yana kansa, yana ta lissafo mini da yatsu, kuma na yarda gaskiya yake faɗa. Amma odita ba ya duba zuciya. Bawan Allahn nan zama biyu ko uku kawai yake bukata da wanda ya san littafin shige da ficen kuɗi, kuma babu wanda ya taɓa shirya masa.

Su malamai yanzu dole ma ta sa su neman ƙarin sani. Tun 2018 Hukumar Malamai ta Ƙasa, NTC, ta fara jarrabawar lasin, kuma sabunta lasin yana tafiya da makin da malami ya tara a wuraren horo. Da sabuwar manhaja ta zo a 2019 aka shigo da zaman PLC, inda malaman makaranta ke haɗuwa su koya wa juna. A 2020 aka fara biyan ƙwararren malami alawus na sidi 1,200 a shekara don wannan aiki. Ra'ayina, zaman PLC ya fi yawancin bitocin otal amfani, in dai hedimasta bai mayar da shi wurin karanta sanarwa da sa hannu a rajista ba.

Amma wa aka bari a baya? Malamin Larabci. Da yawansu ba sa cikin takardar albashin gwamnati, alawus ne yau akwai gobe babu, ko abin da iyaye suka tara. Ya haddace Alƙur'ani, ya sha nahawu, amma ba a taɓa nuna masa yadda ake tsara darasi ko yadda ake riƙe aji mai yara sittin ba tare da bulala ba. Ku sa shi cikin zaman PLC, ba sai kun nemi izinin kowa a Akra ba. Masu ƙuruciya a cikinsu kuma a tura su Kwalejin Al-Faruq da ke Wenchi, ko jami'ar Winneba, su dawo da takardar da gwamnati ta sani. Haka akawu da mai kula da sito a manyan sakandare, su ma ma'aikatan ilimi ne, ƙungiyarsu ta ƙwadago, TEWU, ta daɗe tana faɗa.

Sai neman kuɗi a waje. Ƙofofin an san su. Akwai asusun ilimi na ƙasa, GETFund, da aka kafa a 2000, mai cin harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayan da ake biya wa VAT. Akwai asusun bai ɗaya na majalisun gundumomi, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, kuma ɗan majalisar dokoki yana da nasa kason a ciki. Akwai Asusun Raya Zango da aka yi wa doka a 2017. Matsalarmu yadda muke zuwa ne. Mu tara dattawa a mota, mu je gidan Onarabul ranar Asabar, a yi addu'a, a ce makarantarmu tana cikin wani hali. Ya ba da kuɗin mai, ya ce zai duba. Me zai duba? Ba a bar masa komai ba.

Shafi ɗaya ya isa. Yara nawa, maza nawa mata nawa, benci nawa, sakamakon jarrabawar gama ƙaramar sakandare, BECE, na shekara uku, malamai nawa ke bukatar wane horo, nawa zai ci, wa zai koyar. A sa hannun hedimasta, da mai makaranta, da shugaban kwamiti. A kai ta ofis a karɓi tambari a kan kwafi. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: majalisar Asokore Mampong, kamar kowace majalisa, tana haɗa kasafin baɗi ne tun watanni kafin shekara ta ƙare, saboda haka wanda ya zo a Janairu ya tarar an rabe. Ku riƙe ɗan asambulin unguwarku, wato wakilinku a majalisar, tun da wuri, ya shigar da maganar a kwamitin da ke kula da ilimi. In makarantun Aboabo da Asawase da Sawaba suka haɗu suka nemi horo ɗaya na hedimastocinsu a takarda ɗaya, ya fi wuya a jefa ta ƙasan durowa.

Alhazanmu 'yan kasuwa na Alabar da Kejetia kuma, Allah ya ƙara buɗi, ba ku taɓa gajiya da siminti da tayil na masallaci ba. Idan hedimasta ya zo muku da maganar kuɗin horon malamai uku, ku ce ya kawo a rubuce, ku biya kai tsaye inda za a yi horon, ƙarshen zango ku nemi ganin takardar shaidar. Malam mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo, to a buɗe fagen tambaya, amma a fara da ɓangaren mata.